Waɗanne littattafai zan karanta in fahimci tatsuniyoyin Girkawa da kiɗan okestira?

"Malam, barka da aiki. Na ɗan jima ina sauraron kiɗan okestira, na babban taron makaɗa irin na Turawa, a waya idan ina karatun dare, yana kwantar min da hankali ƙwarai. Sai dai sunayen da ake sa wa kiɗe-kiɗen suna ɗaure min kai: Orpheus, Prometheus, Daphnis, Elektra. An ce min duk daga tatsuniyoyin Girkawa da Rumawa ne. Waɗanne littattafai zan nema in san labaran? Kuma akwai littafin da zai koya min jin kiɗan kansa? Ɗalibi ne ni, aljihuna ba nauyi."

Ƙanena, Allah ya ƙara basira. Tambayarka a dunƙule ta zo, amma abu uku ne a cikinta: inda za ka sami labaran, adabin da ya ɗauko su ya kai su hannun mawallafan kiɗa, da yadda za ka horar da kunnenka. Ni dai adabi nake koyarwa. Kiɗan kuwa mai sauraro ne ni na shekara da shekaru, ba makaɗi ba, don haka ka auna maganata da wannan ma'aunin. Shawarata tun daga farko ita ce kada ka tara littattafai. Ka sami ɗaya na share fage, ɗaya na asali, sannan ka kama labari guda ka bi sawunsa a hannun makaɗa daban-daban.

Me ya haɗa makaɗan Turai da Girkawan da

Karatun yaran masu hali a Turai, har zuwa ƙarni na 19, a kan Latinanci aka gina shi. Da waƙoƙin Virgil da Ovid, mawaƙan Rumawa, yaro zai koyi nahawu, ya haddace su, ya sha bulala a kansu. Don haka idan mawallafin kiɗa ya rubuta "Orpheus" a saman takardarsa ba ya buƙatar ƙarin bayani, duk wanda ke zauren ya san mutumin da abin da ya same shi. Hector Berlioz, Bafaranshe, ya faɗa a tarihin rayuwarsa cewa mahaifinsa, wanda likita ne, shi ya koya masa Latinanci a gida. Ran da suka kai ga mutuwar sarauniya Dido a kashi na 4 na Aeneid, doguwar waƙar Virgil, yana cikin fassara sai murya ta shaƙe, baki ya kama rawa. Uban ya lura, amma bai kunyata shi ba: ya rufe littafin ya ce shi ne ya gaji. Yaron nan ne ya girma ya rubuta Les Troyens tsakanin 1856 da 1858, ofera mai cin wajen awa huɗu, a kan faɗuwar birnin Troy da mutuwar Dido ɗin nan.

Ita kanta ofera, wato wasan kwaikwayon da ake rerawa da rakiyar makaɗa, daga nan ta samo tushe. A birnin Florence na Italiya, a ƙarshen ƙarni na 16, wasu masana da makaɗa sun tsaya a kan cewa Girkawan da rera wasanninsu suke yi daga farko har ƙarshe, suka ce bari su farfaɗo da abin. Ba na Girkawan suka dawo da shi ba, sabon abu suka haifa. Ofera mafi tsufa da kiɗanta ya iso gare mu ita ce Euridice ta Jacopo Peri, ta shekarar 1600, kuma labarin Orpheus ce.

Mu kuma ta wata ƙofa ilimin Girkawa ya shigo mana. Masu fassara na Bagadaza a zamanin Abbasiyawa falsafa suka ɗauko, da likitanci da lissafi da ilimin taurari, suka bar waƙoƙin da ke cike da alloli. Shi ya sa malamin zaure zai iya sanin Aflaɗun da Jalinus, bai taɓa jin Homer, babban mawaƙin Girkawa, ba. Sai a 1904 aka buga waƙarsa Iliad cikakkiya da baitocin Larabci a Alƙahira, fassarar Sulaiman al-Bustani ɗan Labanan. Amma idan ka karanta The Gods Are Not to Blame na Ola Rotimi a sakandare, ka riga ka san labarin Oedipus na Sophocles, an dai sa masa tufafin Yarbawa ne.

Labaran ba su da riwaya guda

Wannan shi ne abin da littattafan taƙaitawa suke ɓoyewa, kuma shi ne ya fi rikita ɗalibaina. Girkawa ba su da littafi guda da ya tsayar da labaran allolinsu. Kamar tatsuniyar Gizo ce a bakin kakanni: ta gidanku daban, ta maƙwabta daban, kuma ba wanda ya yi ƙarya. Homer ya ba da tasa a Iliad da Odyssey wajen ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa. Hesiod ya jera asalin alloli a Theogony, baiti dubu da 'yan kai. Marubutan wasan kwaikwayo na Atina, Aeschylus da Sophocles da Euripides, suka sake juya labaran a ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Daga baya Rumawa suka ɗauka, suka canza sunaye: Zeus ya koma Jupiter, Aphrodite ta koma Venus, Ares ya koma Mars, Odysseus ya koma Ulysses. Ka rubuta sunayen bibbiyu a bangon littafinka tun ranar farko, za su raba ka da ruɗani mai yawa.

Na sha ganin ɗalibi ya gama Iliad ya zo yana ƙorafi wai an yanke masa littafi, bai ga dokin katakon da aka ci birnin Troy da shi ba. Babu shi a ciki. Iliad 'yan makonni kawai ta ɗauka daga shekara ta goma ta yaƙin, a kan fushin Achilles, ta ƙare da jana'izar Hector. Dokin an taɓo shi a Odyssey, cikakken labarinsa kuma yana kashi na 2 na Aeneid.

Littafin share fage

Idan ɗaya za ka saya, ka sayi Mythology na Edith Hamilton, wanda ya fito a 1942. Turancinsa mai sauƙi ne, kuma a farkon kowane babi takan faɗa maka daga wane marubuci ta ɗauko riwayar. Wannan ɗabi'ar ce ta fifita shi a wurina, don tana nuna maka ƙofar da za ka bi gaba. Aibinsa ɗaya a gare ka: Hamilton ba ta ɗauki Ovid da muhimmanci ba, ta faɗa da kanta cewa ta kauce masa iyakar iyawarta, alhali kai mai neman kiɗa shi ka fi buƙata.

The Age of Fable na Thomas Bulfinch, na 1855, kyauta ne a shafin Project Gutenberg. Yana da amfani, sai dai ya tace labaran ƙwarai don su dace da karatun iyali na zamaninsa, kuma sunayen Rumawa yake bi. The Greek Myths na Robert Graves, na 1955, yana kawo riwayoyi da yawa na kowane labari, amma sharhin da yake bin su da shi ra'ayinsa ne na kansa a kan wata uwar alloli ta da can, masanan fannin ba su yarda da shi ba. Ka karanta labarin, ka tsallake sharhin. Mythos na Stephen Fry, na 2017, ban dariya ne da daɗin karatu, amma ni ba zan kashe kuɗin ɗalibi a kansa ba.

Littafin asali: Ovid kafin Homer

A nan na saɓa wa abokan aikina da yawa, waɗanda kan ce a fara da Homer. Don buƙatarka, ka fara da Metamorphoses na Ovid. Kashi 15 ne, labarai wajen 250, daga halittar duniya har zuwa zamanin Julius Caesar, duk an ɗinke su da zare ɗaya: wani abu ya rikiɗe ya koma wani. Budurwa ta koma itace, maharbi ya koma barewa karnukansa suka cinye shi, masaƙiya ta koma gizo-gizo. Ovid ya kammala shi wajen shekara ta 8 miladiyya, shekarar da sarki Augustus ya kore shi zuwa Tomis a bakin Baƙin Teku, inda birnin Constanta na Romaniya yake a yau. Wannan littafin ne rumbun da masu zane da marubuta da makaɗan Turai suka yi ta ɗiba. Shakespeare daga kashi na 4 ya ɗauko Pyramus da Thisbe ya saka a A Midsummer Night's Dream. Fassarar Mary Innes ta zube ce, ta fi sauƙi ga mai farawa, ta A. D. Melville ta baitoci ce. Amma in faɗa maka gaskiya, akwai fyaɗe da zubar da jini da yawa a ciki, kuma Ovid yakan ba da su da wani irin sanyin murya mai tayar da hankali. Ba littafin da za ka miƙa wa ƙaramin ƙanenka ba ne.

Bayan shi ka shiga Odyssey. Fassarar E. V. Rieu ta zube, wadda da ita aka buɗe jerin Penguin Classics a 1946, tana tafiya kamar littafin labari, kuma tsofaffin kwafinta ba su da tsada. Ta Emily Wilson ta 2017 baitoci ce masu sauri da tsabtar harshe. Masu karatu na Turai sukan gaji da maimaicin Homer: Achilles kullum "mai saurin ƙafa", Hector "mai horar da dawaki", alfijir "mai jajayen yatsu". Milman Parry, masani Ba'amurke, sai da ya je Yugoslabiya tsakanin 1933 da 1935 ya naɗi mawaƙan baka kafin ya tabbatar wa masana cewa waɗannan kayan aikin mawaƙi ne mai tsara baiti a tsaye gaban jama'a. Kai da ka tashi kana jin Narambaɗa da Shata ba ka buƙatar wannan doguwar tafiya. Kirari ne, kunnenka ya san aikinsa.

Bin sawun Orpheus

Ga aikin da nake ba duk wanda ya zo min da irin tambayarka. Ka buɗe kashi na 10 na Ovid, 'yan shafuka ne. Orpheus mawaƙi ne mai garaya. Amaryarsa Eurydice tana yawo a ciyawa maciji ya sare ta a idon sawu ta mutu. Ya sauka ƙasar matattu ya rera roƙonsa, komai ya tsaya cik: Tantalus ya daina bin ruwan da ke guje masa, Sisyphus ya zauna a kan dutsen da yake turawa, aljanun ramuwa suka zub da hawaye karon farko. Aka ba shi ita bisa sharaɗin kada ya waiwaya sai sun fita. Dab da bakin hanya ya waiwaya. Ovid ya ce ba ta yi ƙorafi ba, don me za ta yi ƙorafi a kai in ban da an so ta? Sallama kawai ta yi, da ƙyar ma ya ji.

Sai ka nemi ƙarshen kashi na 4 na Georgics na Virgil, wanda ya riga na Ovid. A can macijin ya sare ta ne tana gudun wani mai binta, kuma da Orpheus ya waiwaya ta yi magana, ta tambaye shi wace irin hauka ce ta halaka su duka biyun. Mace ɗaya, lokaci ɗaya, wani ya ba ta baki wani ya hana ta. Da wannan bambancin a ranka za ka shiga kiɗan.

Ka fara da L'Orfeo na Claudio Monteverdi, wanda aka yi a fadar Mantua a 1607. Da busar ƙahoni yake buɗewa, irin ta shigowar sarki. Ka sa kunne a kashi na biyu: makiyaya na cikin rawa da murna sai ga mace ɗauke da mugun labari, nan take kiɗan ya dusashe, kayan murna suka yi shiru. Ko ba ka jin Italiyanci za ka san mutuwa ta shigo. Da aka sauka ƙasar matattu kuma sai Monteverdi ya kawo manyan ƙahoni masu kaurin murya, abin da makaɗan baya suka yi ta koyi da shi idan za su nuna kabari ko hukunci.

Daga nan ka tsallaka zuwa Orfeo ed Euridice na Christoph Willibald Gluck, a Vienna, 1762. Wurin da na fi so shi ne ƙofar ƙasar matattu. Orpheus yana roƙo da garaya a hankali, aljanun suna daka masa tsawar "A'a!" Ya sake roƙo, su sake tsawa, amma kowane zagaye tsawar na raguwa, har suka buɗe masa hanya. Abin da Ovid ya faɗa a baiti biyu, Gluck ya sa ka ji yana faruwa a hankali. Shi Gluck ya ba Eurydice baki har ya wuce na Virgil: ita ce ta dame shi da kukan ya ƙi kallonta, ko ya daina sonta ne, har ya kasa daurewa. Sannan, da yake don bikin sarki aka shirya wasan, allan soyayya ya zo ya tashe ta, kowa ya koma gida da fara'a. Waƙar makokin da Orpheus ya rera kafin nan ta shahara ƙwarai, kuma tun da daɗewa ake gardama a kanta, wasu na cewa ta cika daɗi, ba ta yi kama da kukan wanda ya rasa mata ba. Ni ina ganin natsuwar ce ke sa ta ciwo, amma ka ji da kunnenka ka yanke.

Franz Liszt ya rubuta nasa Orpheus a 1854 a Weimar, okestira zalla ba murya, garaya biyu a gaba, kuma bai bi labarin ba sam, hoton ikon kiɗa kawai ya zana. Jacques Offenbach kuwa a Paris, 1858, ya mai da abin wasan barkwanci: miji da mata sun gaji da juna, ra'ayin jama'a ne ya tilasta wa Orpheus zuwa ɗauko ta, Jupiter kuma ya jefa masa aradu don ya firgita ya waiwaya. Kiɗan rawar nan mai gudu da ake yawan sawa a katun daga nan ya fito, na tabbata ka taɓa jin sa. Wanda bai karanta Ovid ba zai ji daɗin kiɗan, amma ba zai san abin da ake yi wa dariya ba.

Littattafan kiɗan kansa

What to Listen for in Music na Aaron Copland, na 1939, shi ne amsar tambayarka ta biyu. Mawallafin kiɗa ne ya rubuta shi don wanda bai iya karanta alamomin kiɗa ba. Ya bi bugu, da karin waƙa, da haɗuwar sautuka, da launin muryar kowane kayan kiɗa, sannan ya nuna yadda ake gina dogon kiɗa. Sharaɗinsa shi ne kada ka karanta babi biyu a jere ba ka saurari misalan ba, yawancinsu suna YouTube. Don sanin mutanen da zamaninsu akwai The Lives of the Great Composers na Harold Schonberg, na 1970, mai yawan labari da ra'ayi mai kaifi. The Rest Is Noise na Alex Ross, na 2007, a kan ƙarni na 20 yake, ka bar shi sai gaba.

Kafin ma littafi, ka saurari The Young Person's Guide to the Orchestra na Benjamin Britten. Bai kai minti ashirin ba. Yana ɗaukar karin waƙa ɗaya na Henry Purcell ya ba kowane dangi su juya shi: sarewa da 'yan'uwanta na busa, gogen Turawa manya da ƙanana, ƙahoni, ganguna, sannan ya haɗa su gaba ɗaya. Ka nemi bidiyonsa don ka ga mai yin kowane sauti. Bayan shi ka ji Scheherazade na Rimsky-Korsakov, na 1888. Wannan ba na Girkawa ba ne, daga Dare Dubu da Ɗaya ne, labarin da ka riga ka sani. Goge guda mai siririyar murya shi ne matar mai ba da labari, ƙahoni masu kauri su ne sarki. Nan za ka koyi yadda okestira ke ba mutum murya ba tare da kalma ba. Kuma ka daure ka yi amfani da abin sawa a kunne, lasifikar waya tana cinye duk sautukan ƙasa, rabin okestira ke nan.

Kada kuma suna ya ruɗe ka. Simfoni (dogon kiɗan okestira mai kashi-kashi) na 41 na Mozart, na 1788, da ake kira Jupiter, ba shi ya sa masa sunan ba, kuma babu wani labari a ciki. The Planets na Gustav Holst na ɗauke da sunayen Mars da Venus, amma daga ilimin bokayen taurari ya ɗauko halayensu, ba daga tatsuniya ba.

Wani kan tambaye ni ko ya dace Musulmi ya karanta labaran alloli, ko ya saurari irin wannan kiɗan. Fatawa ba fagena ba ne, ka kai wa malaminka. Abin da zan iya cewa ta fuskar adabi shi ne a zaurukanmu an daɗe ana karanta waƙoƙin Jahiliyya don harshe da fasaha, kuma da wannan idon nake karanta Ovid.

Sauran sunayen da ka ambata

Prometheus, wanda ya sato wa mutane wuta aka ɗaure shi a dutse, yana cikin Hesiod da wasan Prometheus Bound da ake jingina wa Aeschylus. Beethoven ya yi masa kiɗan rawa a 1801, kuma karin da ya rufe shi da shi ne ya sake ɗaukowa ya gina kashin ƙarshe na simfoninsa na 3 a kai. Daphnis da Chloe ba tatsuniyar alloli ba ce sosai, ɗan littafin soyayyar makiyaya ne na wani Bagirke mai suna Longus, Maurice Ravel ya mai da shi kiɗan rawa a Paris a 1912. Ka nemi wurin fitowar alfijir a ciki, sarewa da garaya na kwarara, tsuntsaye na tashi.

Elektra ka bar ta ƙarshe. Richard Strauss ya fito da ita a Dresden a 1909, da makaɗa fiye da ɗari, a kan 'yar da ke jiran ɗan'uwanta ya dawo ya kashe uwarsu don ramuwar kisan ubansu Agamemnon. Ka fara karanta wasan Sophocles mai wannan sunan, baiti wajen 1,500 ne, zama ɗaya ya ishe shi. Ba kiɗan karatun dare ba ne wannan, ka ajiye littattafan makaranta gefe ranar da za ka ji shi, don bugun farko ma okestira ce gaba ɗaya ke daka sunan uban da aka kashe.